Kafin ka zaɓi enzayim ɗin da za ka kai wa hari

Ɗaliban bayokemistiri sukan kawo min aikin kammala karatu kusan iri ɗaya: an ɗauko enzayim (furotin mai hanzarta ayyukan sinadarai a jikin halitta) na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, an gwada shi da sinadarin ganyen darbejiya a kwamfuta, ya zauna daram, shi ke nan wai an samu magani. Da sauran aiki. Ga yadda nake so ka bi.

Fara da tambayar ko ƙwayar za ta mutu in aka hana enzayim ɗin aiki. An fitar da cikakken tsarin halittar Plasmodium falciparum, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a 2002, na Trypanosoma brucei, ƙwayar ciwon barci, kuma a 2005, kuma bayanansu na cikin rumbunan PlasmoDB da TriTrypDB a intanet. Nemi enzayim ɗin da aka toshe a ɗakin gwaji ƙwayar ta kasa rayuwa, kuma a lokacin da take jikin mutum, ba cikin sauro ko ƙudan tsando ba.

Sai ka kwatanta shi da namu. A nan ake yawan yin gaggawa, ana ɗauka duk abin da mutum ba shi da shi ya isa. A 1985 Alan Fairlamb ya gano tirifanotiyon, sinadarin da Trypanosoma da 'yar'uwarta Leishmania ke kare kansu da shi, mu kuwa gulutatiyon muke da shi. Enzayim ɗin da ke sabunta shi ya yi kama da abin nema, amma sai an danne sama da kashi 90 cikin 100 na aikinsa kafin ƙwayar ta ji a jikinta, ga aljihun da magani zai shiga da faɗi. Har yau ba a kai ga magani ta wannan hanya ba.

Dubi eflonitin kuma, maganin ciwon barci. Don ciwon daji aka fara haɗa shi, sai Cyrus Bacchi ya nuna a 1980 cewa yana kashe ƙwayar ciwon barci, aka amince da shi a 1990. Enzayim ɗin da yake kamawa, ODC, mu ma muna da shi. Bambancin shi ne jikinmu na ƙera sabo cikin ƙasa da awa guda, ita kuwa gambiense, irin ƙwayar ciwon barcin da ke Yammaci da Tsakiyar Afirka, sai ta yi awanni masu yawa ba ta maye gurbinsa ba. Rhodesiense ta Gabashin Afirka ta fi ta saurin sabuntawa, shi ya sa maganin ba ya ci a kanta sosai. To ka binciki tsawon ran enzayim, kada ka tsaya ga siffarsa kawai.

Tambayi kanka ko maganin zai isa inda ƙwayar take. A mataki na biyu na ciwon barci, ƙwaƙwalwa take shiga.

Ka kuma sa ran ƙwayar za ta bijire. Firimetamin na cikin Fansidar yana toshe enzayim ɗin DHFR na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, amma sauyi guda a gurbi na 108 na jerin amino asid ɗin enzayim ɗin ya fara rage wa maganin ƙarfi, na 51 da 59 suka ƙara. Shi ya sa yanzu rigakafi ake yi da shi, ga masu juna biyu, da kuma yara a damina tare da amodiyakwin a Arewa da Nijar.

Bayan duk wannan ne kwamfuta za ta yi maka amfani. Daga nan ka gwada a kan ƙwaya mai rai. Masu aiki kan Trypanosoma sukan nemi samfuri a Cibiyar Binciken Sammore da ke Kaduna.