Yadda nake haɗa jirgin kara da murfin tekawe, wanda yake tashi da gaske

Tsakanina da Yaya akwai wani tsohon ciniki da ba mu taɓa zama mun ƙulla shi da baki ba. Kowace Sallah tana aiko 'ya'yanta da dambun nama da dubulan, in ta samu sarari har da alkaki, tun ina tuzuru har yau da na ajiye iyali. Wata Babbar Sallah suka zo suka tarar aljihuna wayam, ko na tukuici babu. Na juye dambun a kwano, na bi farin mazubin tekawe ɗin da kallo, sai na ce su dawo bayan la'asar. Da suka dawo na miƙa musu jirgi. Tun daga ranar ba su ƙara karɓar kuɗina da daɗin rai ba, jirgi suke so, ita kuma Yaya ta koma zubo min abincin a irin wannan mazubi da gangan, don ta san murfin nake jira.

Duk wanda ya tashi a Zariya kamar ni ya girma yana ɗaga kai, saboda ƙananan jiragen koyo na makarantar tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964, suna yawan shawagi a kan gari. Mun yi jiragen kara ba adadi muna yara, da taga da ƙofa da tayoyin totuwa, amma babu ɗaya da ya taɓa tashi. Jan su muke yi da zare kamar mota. Sai da na girma na gane inda muka kuskure: mun damu da jirgi ya yi kama da jirgi, ba mu damu da nauyinsa ba, balle inda nauyin ya zauna. Wanda zan nuna maka ba shi da kyan gani sosai, amma yana tafiya a iska.

Ka nemi sillen karan dawa, wato siririn nan na can sama da ke ɗauke da zangarniya, busasshe, miƙaƙƙe, mai tsawon santimita 30. Ka mirgina shi a kan tebur. In yana tsalle, a karkace yake, ka jefar ka ɗauki wani. In kana cikin gari babu kara kusa, dogon tsinken tsire na gora yana yi, sai dai ya fi nauyi. Sai murfin tekawe biyu ko uku, irin farin nan mara nauyi da ke karyewa ƙaras, ban da na roba mai garai-garai. Jihar Legas ta hana amfani da shi tun farkon 2024, kuma ban ga laifinta ba, don shi ke toshe magudanan ruwa. Wanda ya riga ya shigo gidanka dai gara ya zama fiffike da ya tafi kwata. Sauran kayan su ne sabuwar reza, rula, biro, tsinken ashana, kyauro guda biyu na ɗaure kuɗi, ɗan guntun samfefa mai laushi, ƙaramar ƙusa da cingam.

Maganar gam kuwa sai na ɗan tsaya a kanta, don nan na yi asarar murfi da yawa. Sufa gulu yana cinye wannan fom ɗin, ka ɗiga ka ga rami ya buɗe a gabanka. Solushan na masu faci ma haka, fentin feshi ma haka. Farin gam na kafintoci shi ne lafiyayye, illarsa kawai sai ka ba shi dare guda ya bushe. Gam na kyandir da ake narkawa yana kamawa nan take, amma yana da nauyi, kuma in ya yi zafi da yawa yana narkar da fom, don haka ɗan ɗigo ya isa. Kafin komai ka wanke murfin da omo ka shanya. Man dambu in ya kama shi, babu gam ɗin da zai riƙe.

Fara da fiffike. Ka yanko fallaye biyu daga shimfiɗaɗɗen wurin murfin, kowanne tsawon santimita 15, faɗin 6. Ka ɗora ɗaya kan ɗaya ka daidaita su har su zama tamkar an tsaga kara. Da samfefa ka goge gefen gaba ya yi ɗan kumburi kamar bayan cokali, gefen baya kuma ka sirantar da shi. A hankali, fom ba ya son fushi. Daga nan ka ɗora kowane falle a bakin tebur ka ɗan ja shi kana dannawa da tafin hannu, har ya yi ɗan doro kaɗan, bayansa a sama. Doron da ido zai gani da ƙyar ya wadatar.

Wajen haɗa fallayen biyu ne dabara ta farko take. Kada ka haɗa su a shimfiɗe. Ka kwantar da tsakiyar a kan tebur, ka tokare kowane ƙarshe ya ɗaga sama da santimita 3, murfin roba na gorar lemo biyu a jere sama da sama suna kusan kai haka, sannan ka sa gam a mahaɗar ka ƙarfafa ta da siririn salatif. In ka duba daga gaba za ka ga ya ɗan buɗe sama kamar shirwa tana shawagi. Amfaninsa shi ne, duk lokacin da jirgin ya karkata ya fara zamewa gefe, fiffiken da ke ƙasa ya fi kama iska, sai ya ɗago shi ya daidaita da kansa. Jirgin da babu matuƙi a ciki dole ya iya gyara kansa.

Wutsiya ba ta da wahala. Falle ɗaya mai tsawon santimita 12 da faɗin 4 a kwance a can ƙarshen sillen, wani ƙarami mai kusan 4 da 4 a tsaye a kansa, duka a manne da gam, kuma waɗannan ba a yi musu doro. Ka dai tabbata na kwancen ya kwanta sosai, na tsayen ya tsaya cak.

Fiffiken kuwa kada ka manne shi da jikin sillen. Ka fere ɗan guntun kara mai tsawon santimita 8 ya yi fale-fale, ka manna shi a ƙarƙashin mahaɗar fiffiken yadda zai leƙo santimita ɗaya gaba, ɗaya baya. Tsakanin wannan guntun da gefen gaba na fiffiken ka cusa gutsuren tsinken ashana, don gaban ya fi bayan tudu da kamar milimita 2. Wannan ɗan tudun shi ke sa fiffike ya tari iska ya ɗauki jirgin. Sai ka ɗaure guntun a kan sillen da kyauro, ɗaya gaba ɗaya baya, gefen gaban fiffiken yana nesa da hanci da santimita 8. Ɗaurin kyauro yana ba ka damar zame fiffiken gaba ko baya, kuma in jirgin ya daki bango fiffiken gocewa yake yi maimakon ya karye.

Yanzu aka zo wurin. Ka auna santimita 2 daga gefen gaban fiffiken, wato sulusin faɗinsa, ka yi ɗigo da biro a ƙarƙashin kowane ɓangare kusa da sillen. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai kan ɗigon nan. Zai faɗa ta wutsiya, kowa nasa haka yake yi. Ka soka ƙusar a cikin totuwar hancin, ka lulluɓe kanta da cingam don kada ta ji wa yaro, ka riƙa ƙarawa kana ragewa har jirgin ya zauna a kan yatsunka a kwance, ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Ni nakan ɓata minti goma a nan ban ji haushi ba. Gaba ɗayan jirgin kada ya wuce nauyin farar takardar A4 biyu zuwa uku, kowace ɗaya gram 5 ce. In ka ji ya fi haka a hannu, gam ka cika.

Gwaji da sassafe ake yinsa, bayan an fito daga masallaci, kafin iska ta tashi, ko kuma dab da magariba. Da tsakar ranar hunturu kada ma ka fara. Ka samu fili mai ciyawa ko rairayi, ka fuskanci inda 'yar iskar ke fitowa, ka riƙe sillen a ƙarƙashin fiffike daidai kafaɗarka, hancin yana kallon wani wuri a ƙasa kamar taku goma a gabanka. Tura shi za ka yi ka saki. Yara jifa suke yi kamar za su kaɗo mangwaro, shi ya sa nakan riƙe hannunsu a karon farko.

Abu uku ne za ka gani in bai tafi daidai ba. In ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak, ya faɗo, ya sake ɗagawa kamar mai tsallaken kunya, bayansa ya yi nauyi: ka ƙara cingam, ko ka zame fiffiken baya da milimita 2 ko 3. In ya sunkuya ya nufi ƙasa kai tsaye, hancin ya yi nauyi: ka rage, ko ka matso da fiffiken gaba. In kuma kullum gefe ɗaya yake juyawa, ka rufe ido ɗaya ka leƙa shi daga hanci, galibi za ka tarar fiffike ɗaya ya murɗe. Ka hura masa ɗumin baki ka murɗa shi baya a hankali. In bai daina ba, ka ɗan lanƙwasa gefen bayan wutsiyar tsaye: mai zuwa hagu a lanƙwasa dama, mai zuwa dama a lanƙwasa hagu. Gyara ɗaya a kowane gwaji. Na taɓa ganin ƙanin matata ya ƙara nauyi, ya zame fiffike, ya murɗa wutsiya duk a lokaci guda, jirgin ya gyaru, washegari ya lalace, bai san me zai mayar ba. Ranar da ya sauka a hankali bayan taku takwas ko goma, ka zana layi da biro a jikin sillen daidai inda fiffiken yake.

Babban ɗan Yaya ya taɓa ce min, "Kawu, to yaushe za a sa masa inji?" Na ce masa ɗaya daga cikin injunan farko a wannan harka roba ce. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ɗan jirgi mai farfela da murɗaɗɗiyar roba ke juyawa a wani lambu a birnin Faris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu tsarabar wani abin wasa mai tashi da roba, wanda aka yi a kan fasalin Pénaud ɗin. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda jirginsu ya tashi a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba 1903, tashin farko na daƙiƙa 12. Yaron ya lissafa ya ce ashe da daƙiƙa ɗaya kawai suka fi na roba. Ban ba shi farfela a shekarar ba, sai da ya iya daidaita mara inji shi kaɗai. Abin da na yarda na ƙara masa shi ne ƙugiya: ɗan guntun tsinke a soke a karkace ƙarƙashin sillen, santimita 4 daga hanci, a maƙala doguwar roba a harba kamar gwafa. Yana hawa sama sosai, amma sharaɗina kada a saita kowa, kuma kada a bi shi kan titi ko kusa da wayar wuta.

In kyauta za ka bayar, ka kwance fiffiken, ka sa shi da gangar jikin a kwalin takalmi, ka haɗa da kyauro huɗu na canji, don rana tana cinye roba. Ado da alƙalamin maka kawai za ka yi, shi ma kaɗan. Nakan rubuta sunan yaron a fiffiken dama. Kuma ka yi biyu in yaran biyu ne, uku in uku ne, ka gwada kowanne da kanka, domin in na wani ya fi na wani nisa, kai za a kawo wa ƙara har gida. Bara sai da Yaya ta kira ni da dare, ta ce, "Kai, ka zo ka raba rigimar da ka haɗa." Na ƙaramar ne ya maƙale a kan darbejiyar ƙofar gida. Na ce ta ajiye min murfi biyu, ina tafe ranar Asabar, ta ce to in taho da kwanonta na dambu da na riƙe tun Ƙaramar Sallah.