Yadda ake buga tsakiya irin na Dieter Eilts

Eilts, ɗan wasan tsakiya na ƙasar Jamus, bai taɓa barin ƙungiyar Werder Bremen ba daga 1985 zuwa 2002: wasa 390 a Bundesliga, ƙwallo 7 kacal, kuma har kyaftin ya zama. Aikinsa tare wa abokan hamayya hanya ne, kuma ana iya koyonsa.

Da fari ka tsaya kamar taku 10 zuwa 15 a gaban masu tsaron baya, kada ka biye wa ƙwallo zuwa gefe. Nan yawancin yara ke kuskure: da ka fita, tsakiya ta buɗe, fas ɗaya ya isa a ratsa ku. Idan ɗan bayanku ya hau gaba, ka koma gurbinsa nan take. Haka Eilts ya riƙa rufa wa ɗan bayansu Matthias Sammer baya har Jamus ta ci Kofin Turai na 1996.

Waiwaya kafin ƙwallo ta iso ka. Taɓawa biyu, ka sake ta ga na kusa. Kada ka zube ƙasa wajen ƙwace ƙwallo sai ka tabbata za ka same ta, domin in ka kuskure, ko dai kati, ko a wuce a bar ka kwance.