Darasi na Tara: Zaman Jira Bayan Intabiyu

Ka je neman aikin gadi a wani gida a Lekki, ko aikin tuƙi a wani kamfani a Ikeja. An yi maka tambayoyi, ka cika fom, aka ce maka, "Je ka, za mu neme ka." Sati ya zagayo, waya shiru. A irin wannan lokaci ne zuciya kan fara raya wa mutum cewa an ba wani aikin. Sau da yawa kuwa bincike ne ba a gama ba.

A Legas ba kasafai ake ɗaukar maigadi, direba ko mai kula da sito ba sai an bincike shi. Kada ka ɗauki hakan raini. Makullin gida za a damƙa maka, ko mota, ko yaran mutane. A ƙauyenku da an tambayi liman ko mai unguwa an gama. Nan kuwa mai ɗaukar aikin bai san mahaifinka ba, sai abin da takarda da waya suka gaya masa.

Za a duba lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lambobi 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. Direba za a duba lasinsa na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wasu kuma su nemi katin makarantar direbobi ta jihar, wato LASDRI. Akwai wuraren da ke neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda, irin wadda ake yi a Alagbon da ke Ikoyi, inda ake ɗaukar zanen yatsu. Waɗannan duk suna cin kwanaki, kuma ba a hannunka suke ba.

Abin da ke hannunka shi ne maganar garanto, wato mutumin da ya tsaya maka, kuma a nan ne aikin 'yan'uwanmu da yawa yake maƙalewa. Mutum zai rubuta sunan Alhajin da yake yi wa hidima a kasuwar Mile 12, alhali bai gaya masa ba. A kira Alhaji da baƙuwar lamba, ana cikin hayaniyar sauke tumatir, ya ƙi ɗauka. Ko ya ɗauka ya ji ana Turanci, ya zaci 'yan damfara ne, ya kashe. A ofis sai a rubuta cewa ba a samu garanto ba, a ajiye fom ɗinka gefe. Saboda haka tun ranar da ka cika fom, ka je ƙafa da ƙafa ka same shi:

"Ranka ya daɗe, na sa sunanka a takardar neman aiki. Za su kira ka cikin kwanakin nan, wataƙila da Turanci. Don Allah idan ka ga baƙuwar lamba ka ɗauka."

"To, ba komai. Da wane suna ka rubuta?"

Tambayar Alhaji tana da muhimmanci ƙwarai. A takarda kai Abubakar ne, amma a layinku na Agege ko Idi-Araba kowa Garba ya sani. Kamfani kan turo mutum ya ga gidan da ka ce kana zaune. Ya tambayi Abubakar Musa, maƙwabta su ce ba su san shi ba, wasu ma don tsoron kada su jawo maka fitina. Ka sanar da mai gidan haya, da mai shagon bakin ƙofa, da abokan kwananka. Ka kuma duba cewa rubutun sunanka iri ɗaya ne a katin NIN, da lasin, da fom. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo tsaiko.

Wayarka ta zauna da caji, ka riƙa duba saƙo. In karatun Turanci bai zauna maka ba tukuna, ka kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka a ranar. Idan an faɗa maka ranar da za a kira ka, ka jira ta wuce. Idan ba a faɗa ba, bayan sati guda ka kira sau ɗaya cikin ladabi, da safe a ranar aiki, ka tambaya ko akwai takardar da ta rage. Kiran kullum yana gundurar mutane.

Ina roƙonka kada ka bar sana'ar da ke ciyar da kai sai takardar ɗaukar aiki ta shiga hannunka. Duk wanda kuma ya kira ya ce ka turo kuɗi a gaggauta bincike, ko ya nemi lambar sirri ta katin bankinka, ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo, ka kashe wayar, ka je ofishin da kanka ka tambaya.

Aikin gida: Ka rubuta cikakken sunanka yadda yake a katin NIN, harafi bayan harafi. A ƙasa ka rubuta adireshinka da tashar motar da ta fi kusa da gidan. Sannan ka rubuta sunayen mutum biyu da za su iya tsaya maka, da lambobin wayarsu, ka kawo wa malami ya duba a darasi na gaba.