Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran wuƙar aljihu

Wuƙar aljihu mai naɗewa da wuya ta lalace gaba ɗaya. Galibi baki ne ke yin giɓi, ko tsini ya karye, ko tsatsa ta kama, ko gaɓar da ruwan wuƙar ke juyawa a kanta ta yi sako-sako, ko ƙota ta tsage. Duk waɗannan suna gyaruwa a gida da dutsen wasa wuƙa, sanfefa, ƙaramin sukudireba da ɗigon mai. Inda ake yin asara shi ne garin gyaran, idan aka yi gaggawa aka cinye ƙarfen da ba zai dawo ba.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne ɗora wuƙar a kan giranda. Idan layya ta matso za ka ga layi wurin masu wasa wuƙa, tartsatsi na tashi, cikin minti ɗaya an miƙo maka abinka yana walƙiya. Adda da gatari suna iya jure wannan, amma ruwan wuƙar aljihu kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, bakin kuwa ya fi takarda siranta, nan da nan yake ɗaukar zafi. A masana'anta, bayan an ƙona ƙarfen an tsoma shi ya yi tauri, akan sake gasa shi a zafin da ke kusa da digiri 200 a ma'aunin Celsius don ya daina karyewa. Duk zafin da ya zarce wannan sosai rage masa tauri yake yi. Launi ne zai gaya maka: ruwan ɗorawa mai haske yakan fito a wajen digiri 220, shuɗi kuma a wajen 300. Bakin da ya yi shuɗi ya riga ya yi laushi, zai yi kaifi yau ya dakushe gobe, ko sau nawa aka wasa shi. Maganinsa sai a cinye wurin da ya ƙone da dutse, a hankali, har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. In kuma dole ce ta sa aka je ga giranda, a ajiye kofin ruwa a gefe, a riƙa tsoma wuƙar bayan kowace daƙiƙa biyu ko uku, a riƙe ta da hannu tsura. Zafin da yatsa ya kasa jurewa alama ce ta a dakata.

Giɓi a baki shi ma akwai yadda ake ɓata shi. Mutane sukan tsaya a kan giɓin kaɗai suna gogawa, sai wurin ya zama rami, idan ka zo yanka a kan katako tsakiyar bakin ba ta taɓa ƙasa. Dukkan tsawon bakin ake ragewa daidai da zurfin giɓin. Ka ja layi da alƙalamin maka daga gindi zuwa tsini, ya bi ta ƙasan giɓin, ka ci ƙarfen har layin. Wannan aikin dutse mai kaushi ne, lamba 220 zuwa 400. Wanda ya fara da dutse mai laushi, lamba 1000 ko sama, zai wuni bai cire giɓin milimita ɗaya ba, ya kuma rarake dutsensa. Sai giɓin ya ɓace ake komawa 1000, in ana son ƙarin santsi a ƙare da 3000. Wanda ba shi da dutse ya manna sanfefar ruwa a kan gilashi ko tayil, aiki ɗaya suke yi.

Kusurwa kuma ita ce ke ba mutane wahala. Wuƙar aiki ta yau da kullum tana son digiri 20 a kowane gefe. Ga lissafi mai sauƙi: idan faɗin ruwan wuƙar milimita 25 ne, ɗaga bayanta milimita 8 zuwa 9 daga dutse. Shafa wa bakin baƙar maka, ka goga sau uku, ka duba. In tawadar ta goge daga sama ta bar can ƙarshen baki, ka kwantar da wuƙar da yawa, ɗaga ta kaɗan. Kada ka juya ɗaya gefen sai ka ji wani siririn leɓe na ƙarfe ya lanƙwaso a duk tsawon bakin, wanda farce ke kamawa idan ka shafo daga baya zuwa baki. Rashin jiran leɓen nan ne ke sa mutum ya yi ta wasawa wuƙa ba ta ci. Barinsa ba a cire ba kuma shi ke sa ta aske gashi yanzu, ta kasa yanka tumatir an jima. A cire shi da shafa mara nauyi, gefe da gefe, sannan a ja bakin da baya a kan tsohon bel na fata.

Tsinin da ya karye, daga bayan wuƙar ake gyara shi. Wanda ya ci baki ya hau da shi sama don ya fitar da sabon tsini zai tarar, in ya naɗe wuƙar, tsinin ya leƙo waje daga ƙota, yana jiran aljihu ko yatsa. A zana sabon siffar da maka, a gangaro da bayan zuwa bakin da dutse mai kaushi, ana yi ana naɗewa ana dubawa. Magagari ba ya cin ƙarfe mai tauri sosai, santsi kawai zai yi ta yi, haƙoransa su mutu.

Sai gaɓa. Idan ruwan wuƙar yana girgiza hagu da dama, yawanci sukurun tsakiya ne ya saki. Wuƙaƙen zamani da yawa sukurunsu mai kan tauraro ne, wato Torx, lamba T8 ko T10 a gaɓa, T6 a jikin ƙota da maƙalin aljihu. Cusa sukudireba mai faɗi ko alanki a cikinsu yana cinye kan, daga nan kuma aikin minti biyar ya koma na haƙa da dirili. In sukurun ya ƙi motsi, akwai yiwuwar an sa masa gam mai hana sukuru kwancewa tun daga masana'anta. Ɗora masa bakin ƙarfen soda na rabin minti ya yi laushi, sannan ka danna sosai ka juya. Wajen ɗaurewa, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya isa a kowane karo, ka buɗe ka rufe ka gwada. Matsewa har ƙarshe tana murƙushe washa, wuƙar ta sandare. Ɗigo ɗaya na gam ɗin Loctite shuɗi, lamba 243, yana hana shi sake saki. Ja, lamba 271, ba na nan ba ne, sai da wuta yake kwancewa. Kuma kafin a kwance komai a ɗauki hoto da waya, a yi aikin a cikin faranti, don washa na tagulla da ƙananan boris da ke wasu wuƙaƙen in sun gangara ƙasa sai dai haƙuri.

Wuƙar da aka haɗa da ƙusoshi, irin Victorinox ko Okapi, ba ta da sukurun da za a juya. Ita akan sa siririyar reza tsakanin ruwan wuƙar da bangon ƙota, a ɗora ƙusar a kan maƙera, a bubbuga da ƙaramar guduma, sannan a zare rezar. In ba a sa rezar ba, bugu ɗaya mai nauyi zai daskarar da gaɓar. Wuƙar Opinel kuma ƙotarta itace ce, tana kumbura da damina ta riƙe ruwan wuƙar gam. Ba lalacewa ba ce. A buga ƙarshen ƙotar a kan tebur ruwan zai fito, a bar ta ta bushe a inuwa.

Makulli, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙar a buɗe, shi ne wurin da ya kamata a fi jin tsoro. In yana zamewa, fara da wanke shi, domin sau da yawa zaren aljihu da ƙurar hunturu ne suka cika ramin, tsinken sakace da tsohon buroshi sun isa. Kada a goge fuskar da makulli ke haɗuwa da gindin ruwan wuƙar, kada kuma a sa mata mai. Ɗan abin da ka cire a nan yana iya sa wuƙar ta rufe a kan yatsunka kana tsakiyar aiki. Makullin da ya ci gaba da zamewa bayan wanki, da ruwan da ya tsage kusa da ramin gaɓa, su ne biyun da ba a yi musu dabara a gida. Sai dai a canza ɓangaren, ko a ajiye wuƙar.

Tsatsa mai sauƙi, ɗigon mai da sosan ƙarfe mafi laushi, lamba 0000, suna fitar da ita. Mai nauyi a jiƙa ruwan wuƙar kaɗai a ruwan khal ko lemun tsami na minti 15 zuwa 30, a goge, a ɗauraye da ruwan bekin soda, a busar nan take. Kwana a cikin tsami yana cin lafiyayyen ƙarfe ya bar ƙananan ramuka, ya kuma cinye kaifin. Man gyaɗa da manja suna daskarewa a gaɓa su yi danƙo da wari, baƙin man inji kuwa bai dace da wuƙar da ake fere mangwaro da ita ba. Man keken ɗinki ya wadatar wa gaɓa, ɗigo ɗaya a kowane gefe, a goge ragowar don kada ya tara ƙura. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa yana sassauta datti, amma ba ya daɗewa, sai an bi shi da mai.

Ƙotar da ta tsage ko ta ɓalle, sufa gulu ba ya riƙe ta, yana da saurin karyewa idan wuƙar ta faɗi. Gam mai haɗi biyu irin Araldite ake so, mai jinkirin bushewa. A kankare tsohon gam, a kausasa fuskokin biyu da sanfefa lamba 120, a goge maiƙo da sifirit, a gauraya gam ɗin daidai wa daida, a matse ba da ƙarfi sosai ba don kada duk ya tsiyaye. A shafa bazilin a gaɓa da makulli tukuna, gam ɗin da ya ɓulla can ba zai kama ba. A bar ta awa 24 kafin a buɗe.