Yanka makullin ajiya tun na farkon yana hannunka

Jama'a, duk mai mota da makulli ɗaya tak, ya kira mai yankan makulli ya yi masa na biyu yanzu.

Yawancin motocin yanzu akwai ɗan ƙaramin cif a kan makullinsu. In kwamfutar motar ba ta gane shi ba, injin ba zai tashi ba, ko da yankan ƙarfen ya yi daidai.

Da makullin asali a hannu aikin ba wuya. Mai yankan zai zo har inda kake, ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD (ramin da ake jona na'urar binciken kwamfutar mota) da ke ƙasan sitiyari, ya yi wa sabon rajista. In duk sun ɓace, wata motar sai an ciro kwamfutarta, kuɗin aiki kuwa ya haura sosai.

Kafin ka sayi sabon makulli, duba jikin ƙarfen na hannunka. A Toyota za ka iya ganin G ko H, kuma ɗaya ba ya aiki a madadin ɗaya. Rimot ma haka: zangon siginar na motocin Amurka galibi 315 MHz ne, na Turai 433 MHz.

Ka fito da duk makullanka lokacin rajistar, har da tsofaffin. A Honda da Nissan, wanda ba a sake yi wa rajista ba yana iya daina tayar da mota.

Inda ake samun matsala: batirin mota mai rauni yana katse aikin. Makullin Toyota mai kai ruwan toka kuma sau da yawa ba ya buɗe hanyar ƙara wani, sai mai baƙin kai.

Kada ka biya sai ka tayar da injin da tsoho da sabo, ka gwada ƙofofi da but.