Darasi na Tara: Jan Magani da Zuciyar Yaro

Ciwon daji, wanda wasu ke kira kansa ko sankara, yana kama yara ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da shi kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, waɗanda ke tsira ba su kai 30 cikin 100 ba. Cikin dalilan akwai kai yaro asibiti a makare, da yanke magani a tsakiya.

Maganin da ake ɗura wa yaro ta jijiya ana ce masa kemo, kuma iri-iri ne. Akwai wani ja wur kamar zoɓo, sunansa doxorubicin. Ana ba da shi a sankarar jini da kansar ƙoda da wasu irinsu. Yakan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Wannan launin maganin ne, ba jini ba.

Jan maganin nan yana da ƙarfi a kan cutar, amma yana iya taɓa zuciya. Zuciya tsoka ce mai tura jini cikin jiki dare da rana. Gashin da kemo ya zubar yana sake fitowa. Tsokar zuciya kuwa, inda ta lalace ba ta komawa daidai. Kuma lahanin taruwa yake yi. Shi ya sa likita ke rubuta yawan abin da aka ɗura kowane zuwa, yana haɗa jimla gwargwadon girman jikin yaro. Haɗarin ya fi yawa idan jimlar ta yi yawa, ko yaron bai kai shekara 5 ba, ko mace ce, ko an yi masa gashin haske a ƙirji, wato gasa cutar da hasken na'ura.

Wata uwa ta ji wannan bayani, sai hankalinta ya tashi.

"Sista, to ai gara mu koma gida, tunda maganin ma cuta ne."

"A'a, Mama. In kika yanke magani, cutar za ta dawo da ƙarfinta. Yawancin yaran da aka ba maganin nan zuciyarsu lafiya lau take. Muna yi masa hoton zuciya, wanda ake kira eko, kafin a fara da kuma bayan an yi nisa. Ba allura, ba zafi. In mun ga rauni, likita zai canza tsari."

"To bayan ya warke fa?"

"Nan ne mutane ke sakaci. Raunin kan ɓoye shekara 10, har 20, sannan ya fito. Ki adana katinsa kamar takardar gona."

Gaskiyar nas ce. Duk likitan da zai duba yaron nan gaba yana bukatar sanin sunan maganin da jimlarsa. Ga 'ya mace abin ya fi muhimmanci, domin ciki da haihuwa suna ƙara wa zuciya aiki. Ranar da ta fara zuwa awo, ta nuna katin.

A gida, a kula da numfashin yaro. Idan yana haki daga ɗan wasa kaɗan, ko ba ya iya kwanciya sai an tokare masa baya, ko ƙafa da fuska da ciki sun kumbura, ko tari na tashinsa da dare, a kai shi asibiti ranar. Jariri kuma yakan yi gumi ya gaji a kan nono. Kada a ce sanyi ne a tsaya jiƙa saiwa.

Aiki: Rubuta alamomi uku na raunin zuciya a littafinka. Sannan ka karanta wa na kusa da kai hirar Mama da Sista, ku tattauna me ya sa za a adana kati.