Shawara kan ƙona sharar gona a wannan bazara

Assalamu alaikum jama'a. Idan watan Afrilu ya kama, zafi a yankinmu na Gumel yakan haura digiri 40 da rana, kuma a lokacin ne ake sharar gona ana ƙone ta, alhali karan gero da zana da jinkar rumbu duk sun bushe ƙamas.

Shawarata ita ce kada a kunna wuta a gona tsakanin azahar da la'asar, domin a lokacin ne guguwa take tasowa ta kwashi tartsatsi ta kai shi inda ba a zata ba. A bari sai bayan sallar asuba da iska take kwance, a tara sharar a tsakiyar gona, a kankare kewayenta da fartanya kamar taku goma har ƙasa ta fito fili. Bara na ga garwashin da aka bari cikin toka ya farfaɗo da yamma, ya cinye dangar maƙwabcinmu da tarin harawarsa, mai gonar kuwa ya daɗe da komawa gida. Saboda haka a rufe tokar da ƙasa kafin a tafi.

Iyayenmu mata kuma, don Allah a yayyafa wa murhu ruwa bayan an sauke tuwo.